Kurakuran da masu sharhin kayan buga gem suka fi yi, da yadda za a gyara su

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai sharhi ya zubo lambobi ba tare da ya faɗi abin da suke nufi a hannun mai wasa ba. Sai a ce waya kaza ta ci maki kaza a gwajin AnTuTu, manhajar da ake auna ƙarfin waya da ita, alhali wanda ya yi watanni yana tara kuɗi don ya buga PUBG Mobile ko eFootball so yake ya ji ko wasan zai tafi sumul. Ba watsar da lambobin za a yi ba. A zaɓi kaɗan, a bayyana su.

Daga nan sai dogaro da matsakaicin adadin hotunan da na'ura take fitarwa a daƙiƙa, wato FPS. Ana iya samun matsakaicin 60, amma da zarar an jefa gurneti, hayaƙi ya turnuƙe, adadin ya faɗo zuwa 25, hoto ya cije daidai lokacin da mutum ya saita abokin gaba. Wannan cijewar ita ce take ƙona rai, don haka wajibi ne a kawo adadin mafi munin kashi 1 cikin 100 na hotunan tare da matsakaicin.

Wanda ya fi damuna shi ne gwajin minti biyar a ɗaki mai sanyi. Na'ura idan ta ɗauki zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace, kuma wanda zai yi wasa a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba zai ga abin da aka gani ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ba. A buga wasan na tsawon awa guda, a faɗi zafin ɗakin, a faɗi yadda bayan wayar ya yi a tafin hannu da abin da ya rage na caji.

Masu sharhin laftof kuma sukan tsaya ga suna kawai. Katin hoto, wato ɓangaren da yake sarrafa hotunan wasa, na RTX 4060 da ake sakawa a laftof yana iya aiki da ƙarfin lantarki na wat 35 har zuwa 115, gwargwadon yadda kamfani ya saita shi, saboda haka laftof biyu masu katin hoto mai suna ɗaya sukan bambanta ƙwarai a wasa. Wannan lambar fasaha ce zalla, amma barin ta cutar da mai saye ne.

Akwai kuma gwada komai a kan 4K, wato allo mai tsananin kaifin hoto, alhali ƙididdigar Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, tana nuna cewa allon 1080p, wanda bai kai 4K kaifi ba, shi ne aka fi amfani da shi. A gwada a kan allon da mutane suke da shi, sannan a kwatanta sabuwar na'urar da ta hannu mai kuɗi ɗaya da ita, domin tsakanin waɗannan biyun mai saye yake tsaye a kasuwa.