Yadda Matafiyi Zai Bi Da Kayansa Idan Tikitin Jirgi Biyu Ne

Ɗan kasuwar da zai tashi daga Damagaram zuwa Dubai yakan yanki tikitin jirgin cikin gida zuwa Yamai, sannan ya yanki wani dabam na Ethiopian Airlines da zai bi ta Addis Ababa. Shi tafiya ɗaya yake gani, amma kamfanonin biyu kowanne da tasa yarjejeniyar, kuma na farko bai ɗauki alkawarin miƙa akwatinsa ga na biyu ba.

Kamfani ba ya wucewa da kaya har zangon ƙarshe sai idan akwai yarjejeniyar musayar fasinjoji da kaya tsakaninsa da ɗayan, kuma ko da akwai, da yawa ba sa yarda idan tikitin ba ɗaya ba ne. Saboda haka a tambayi kamfanin tun kafin a biya kuɗi. Ranar tafiya kuma a nuna wa ma'aikacin awon kaya tikitin biyu tare.

Abin da na fi son matafiyi ya riƙe shi ne karanta takardar da ake liƙa wa akwatin, domin haruffa ukun da ke jikinta su ne ke faɗin inda kaya za su sauka. DXB na nufin Dubai. Idan kuwa NIM aka rubuta, to a filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai za a karɓe su, a sake bin layi, a sake awo bisa ƙa'idar kamfani na biyu, wadda galibi kilo 23 ce ga kowane akwati. Inda sauyin jirgin ya faɗo a wata ƙasa, kamar a birnin Istanbul na Turkiyya, karɓar kaya na nufin wucewa ta gaban jami'an shige da fice, wanda kan buƙaci biza.

Lokaci ma sai an bar shi da yalwa, tun da ana rufe awo kimanin awa ɗaya kafin tashi. Idan jirgin farko ya makara, kamfani na biyu zai ɗauka fasinja bai zo ba, har yana iya soke tikitin dawowa. Shawarata ita ce a kwana a Yamai, domin kuɗin masauki bai kai na sabon tikiti ba.

Guntun takardar kaya da ake ba fasinja a adana shi cikin fasfo, domin da lambarsa ake neman akwatin da ya ɓace, kuma a kai ƙorafi kafin a fita daga filin jirgi.