Yadda iyaye a Kebbi za su haɗa hannu da malamai wajen kusantar da yara ga kimiyya

Yaro ɗan aji huɗu na firamare zai iya karanto maka daga ka, ba tare da tuntuɓe ba, cewa ruwa yana zama tururi idan ya ji zafi, amma idan ka nuna masa randar da ke gindin bishiya a tsakar gida ka tambaye shi dalilin da ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi, sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Abin da ya haddace yana gefe guda, abin da idonsa yake gani kullum yana wani gefen, kuma babu wanda ya haɗa masa su. Malami ɗaya da ke fama da aji cike da yara, a makarantar da sau da yawa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba. Iyaye kuma, ko da sun yi karatun boko, ba kowa ne ya san abin da ake koyar da ɗansa a wannan zango ba. Hanyar da nake ba da shawara a bi ita ce a riƙa kai-komo tsakanin gida da makaranta: malami ya faɗi darasin da ake ciki, iyali su gwada shi da kayan gida, yaro ya rubuta abin da ya gani ya mayar wa malaminsa.

A fara da zuwa wurin malamin. Yawancinmu ba ma taka ƙafa a makaranta sai an kira mu kan laifi ko kan kuɗi, shi ya sa malami yakan ɗan tsargu idan ya ga uba a bakin aji. A je a makon farko ko na biyu na zango, a lokacin hutun tara ko bayan an tashi, a gaisa da shugaban makaranta tukuna, sannan a nemi mai koyar da kimiyya. Maganar ba ta buƙatar tsawo. Ya isa uba ya ce: “Malam, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Ina son in san darussan da za ku yi wannan zangon, ko akwai abin da za mu riƙa nuna masa a gida.” Kowane malami yana da jadawalin darussa na mako-mako, kuma kwafe kanun darussan a takarda ɗaya ba zai ci masa minti goma ba. Idan uwa ce ta fi samun zama da yaran, to ita ya kamata ta san malamar ko malamin, ko da ta waya ce. A kuma roƙi alfarma guda: yaron zai riƙa kawo wani ƙaramin littafi sau ɗaya a mako, Malam ya duba ya sa hannu.

Wannan littafi shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Littafi mai warƙa arba'in ya wadatar. Kowane shafi ya ƙunshi kwanan wata, abin da aka yi, abin da yaro ya zata zai faru tun kafin a gwada, da abin da ya faru a zahiri. Ya rubuta da Hausa idan ita ce ta fi masa sauƙi, ya yi zane idan rubutun bai nuna ba tukuna, malami ne zai ba shi sunayen abubuwan da Turanci daga baya. A ƙasan shafi a bar wuri don tambayar da ta gagari kowa a gidan. Ina jaddada wannan saboda a nan ne muka fi yin kuskure: yaro ya yi tambaya, babba bai san amsa ba, sai ya ce masa ya cika surutu. Ya fi kyau uba ya ce: “Ni ma ban sani ba, rubuta ka kai wa Malam gobe.” Da haka tambayar ta sami wurin zuwa, malamin kuma ya gane inda darasinsa ya tsaya a kan yaron.

Gwajin da na fi so a fara da shi ba ya buƙatar komai sai sanda da rana. A kafa sanda miƙaƙƙiya a fili mai laushi inda rana take samu tun safe, yara su riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwar duk bayan rabin awa, daga hantsi zuwa la'asar. Za su ga inuwar tana gajarta, ta kai wani matsayi ta tsaya, sannan ta fara tsawo ta ɗaya gefen. Wannan matsayi shi ne zawali, wanda malaman fiƙihu suke ƙayyade shigar lokacin Azahar da shi, don haka malamin Islamiyya ma yana da abin faɗa a nan, kuma yana da kyau yaro ya ji bayanin daga bakin malaman biyu. Abin da zai ba yara mamaki shi ne inuwar ba ta kaiwa ƙarshen gajartarta da ƙarfe goma sha biyu daidai. A Birnin Kebbi hakan yana faruwa ne tsakanin kusan sha biyu da rabi da ƙarfe ɗaya, gwargwadon watan da ake ciki. Dalili kuwa shi ne agogon Najeriya an daidaita shi da layin digiri 15 na gabas, Birnin Kebbi kuma tana wajen digiri 4, kowane digiri ɗaya yana jinkirta rana da minti huɗu. Yaron da ya kai ƙaramar sakandare zai iya yin wannan lissafi da kansa. Idan aka maimaita gwajin a ƙarshen watan Afrilu, za a tarar inuwar ta kusan ɓacewa ƙarƙashin sandar da tsakar rana, domin a lokacin rana tana bi ta tsakar kanmu. Daga nan har tsakiyar Agusta inuwar zawali tana karkata kudu, sauran shekara kuma arewa. A ja wa yara kunne kada su kalli ƙwayar rana da ido, inuwa kawai ake dubawa.

Madafa kuma ɗakin gwaji ce da ba a biya kuɗin gina ta ba. A jiƙa zoɓo a tace, kada a sa sukari, a raba shi a kofuna uku masu haske. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemun tsami, jansa zai ƙara haske. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, launin zai juya ya yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore. Daga nan sai a bar yara su gwada ruwan tsamiya, ruwan toka da ruwan sabulu, su rubuta wanne ya bi ɓangaren lemun tsami, wanne ya bi na kanwa. Idan aka matsa lemun tsami a kan garin kanwa zai yi kumfa, kuma iskar da ke fita irin wadda ke cikin lemun kwalba ce. Uwar da ta san kanwa tana kashe tsamin yakuwa a miya ta daɗe da sanin wannan ilimi a aikace, malami sunan asid da kishiyarsa kawai zai ƙara. Kada a bar ƙananan yara su sha abin da aka haɗa, kuma sodar yin sabulu ba ta shiga wannan wasa ko kaɗan, domin tana ƙona fata da ido.

Ita kuwa randa, ga yadda za a amsa tambayarta. A samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sosai safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. A sa tumatir biyar a ciki, a bar biyar a faifai kusa da ita, yara su riƙa dubawa kullum suna rubuta ranar da kowanne ya fara yaushi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar yana bushewa ya tafi da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, kuma ya dace yaranmu su san cewa ɗan arewa ne. Gwajin ya fi kyau da hunturu da bazara. Da damina iska tana da laima, sanyin ba ya kaiwa haka, kuma wannan bambanci ma tambaya ce mai kyau ta kai wa Malam.

Jihar da ta yi suna da noman shinkafa bai kamata yaranta su koyi tsirowar iri daga zanen allo kaɗai ba. Kafin shuka, a sa yaro ya ƙirga ƙwayar shinkafa 100 daga irin da za a yi amfani da shi, ya jera su a jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, ya naɗe, ya riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan mako guda ya buɗe ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan 85 ne, ya koyi ma'anar kashi 85 cikin 100 da hannunsa, mahaifinsa kuma ya san ingancin irin da zai zuba a fadama. A lura cewa shinkafar da ba ta daɗe da girbi ba takan yi jinkirin tsiro. Da damina a ƙara da auna ruwan sama: gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a fili, nesa da indararo, da rula. Milimita ɗaya a gwangwanin daidai take da lita ɗaya a kowace murabba'in mita ta gona.

Da dare, idan an shimfiɗa tabarma bayan Isha, yara su zana siffar wata kwana bayan kwana, su lura yana jinkirta fitowa da kusan minti 50 kowace rana, har ya cika kwana 29 ko 30. Kakanni su nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, da Zara matar wata, da Gamzaki, malami kuma ya bayyana musu cewa Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu.

Fita waje ma tana da nata amfani idan an shirya ta da malami. Iyalin da za su je bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, su tafi da tambayoyi a littafi: me ya sa gora take ɗaukar ƙaton mutum a kogin Matan Fada ba ta nutse ba, kuma da me giwan ruwa yake numfashi? Gidan tarihi na Kanta yana nan cikin garin, akwai makamai da kayan aikin da za su buɗe zancen ƙira da ƙarfe. A Aliero akwai rumbunan albasa da za a tambayi masu su dalilin da ya sa ake barin iska tana ratsa su, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin. Shiga irin wannan wuri, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko kamfanin casar shinkafa, ya fi sauƙi idan makaranta ce ta rubuta takarda, don haka a kawo maganar a taron iyaye da malamai, iyaye su ɗauki nauyin mota. A bakin gulbi kowane yaro ya kasance a hannun babba, kuma kada a sa yara a kwalekwale ba rigar kariya.

Akwai abu biyu da na ga suna ɓata wannan tsari. Na farko, a bar 'yan mata da wanke kofuna yayin da maza suke awo da rubutu. A riƙa juya aikin, yau Yaya ce mai rula, gobe ƙaninta. Na biyu, babba ya gyara sakamako don ya dace da abin da littafi ya ce. Idan zoɓon bai canja launi ba, ko tumatirin cikin tukunya ya riga na waje lalacewa, a rubuta haka nan, a kai wa Malam, a nemi dalili tare: wataƙila kanwar ta yi kaɗan, wataƙila yashin ya bushe da rana ba a lura ba. Sai a sake gwadawa a mako mai zuwa a sabon shafi.

Idan zango ya ƙare, uba ko uwa su koma makaranta da littafin a hannu, su yi wa malamin godiya a gaban yaron, su tambaye shi wane gwaji ne ya ga ya dace sauran 'yan aji su gani. Tukwane biyu da kwanon yashi ba su fi ƙarfin a ɗauko su daga gida a kai aji ba, kuma yaron da ya yi gwajin sau biyu a tsakar gidansu shi ne zai tsaya ya nuna wa 'yan uwansa. A wannan zaman ne kuma za a karɓi kanun darussan zango mai zuwa.