Yadda Ake Gane Jinsin Gizo-gizo Mafarauci na Dangin Lycosidae

Launi ba ya raba gardama a wannan dangi. Jinsunansa sun haura 2,400, kusan duk ruwan ƙasa ne masu zane a baya, shi ya sa hoton waya da wuya ya kai ka ga sunan jinsi.

Fara da idanu. Takwas ne a layi uku: ƙanana huɗu a ƙasa, manya biyu a tsakiya, matsakaita biyu can saman kai. Da dare ka ɗora tocila daidai goshinka ka haska ƙasa, za ka ga suna ƙyalli. Mace tana jan ƙunshin ƙwanta a maƙale da mafitar zare, in sun ƙyanƙyashe ta goya 'ya'yan. Wadda ka gani riƙe da ƙunshin a baki 'yar dangin Pisauridae ce, a nan mutane suka fi ruɗewa.

Wurin kamu yana rage maka aiki. A cikin rukunonin dangin, Pardosa siraran ƙafafu gare su masu dogayen ƙaya, Arctosa sun fi son yashin bakin rafi, Hippasa kuwa suna saƙa yana mai bakin mazurari a ciyawa, saɓanin yawancin danginsu.

Sunan jinsi sai da balagagge. A mace, duba faranti mai tauri a ƙarƙashin ciki ta gaba. A yawancinsu yana da siffar harafin T a kife, kuma tsawonsa da faɗinsa ne ke bambanta jinsi. A namiji, ƙullin da ke ƙarshen gajerun hannuwa biyu na gefen baki ake dubawa. In ƙullin ya kumbura amma sumul yake, saura saɓa ɗaya: ajiye shi a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga har ya saɓe.

Nutsar da balagaggen gizo-gizon cikin sinadarin itanol, wato barasar adana samfuri, mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, ka duba da maikuroskof mai ninki 40 yana nutse, don in ya bushe sassan sukan yamutse. Rubuta wuri da kwanan wata da fensir, tawada zuba take yi a cikin itanol. Sai ka gwada da zanen da ke cikin asalin bayanin jinsin. Kundin World Spider Catalog na birnin Bern a Switzerland yana tattara su.

Na Afirka sai da taka-tsantsan. Da yawansu masani Bajamushe Roewer ne ya bayyana su a 1959 da 1960, da zane marar cikakken bayani. In zanen bai zo daidai ba, rubuta sunan rukuni kawai, kamar "Hogna sp." ko "Pardosa sp." (wato ba a tantance jinsi ba), ka aika wa masani samfurin.