Na'urar MRI da oksijin a ƙwaƙwalwa: inda aka fi yin tuntuɓe

Kwanan baya a unguwar Aboabo, wani ƙanena da ke karatun likitanci a jami'ar KNUST ta Kumasi ya miƙo mini waya. Hoton ƙwaƙwalwa ne, an ɗiɗɗiga masa ja da rawaya. Ya ce, "Yaya, ga wurin da ke shan oksijin in mutum ya tsorata." Na ce masa tun daga nan ya saki hanya, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ba ta ƙirga oksijin ɗin da ƙwaƙwalwa ta sha. Jini take kallo. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin, sinadarin da ke dakon oksijin a jini, maganaɗisu na ɗan jan sa bayan ya sauke kayansa, amma ba ya jan sa yana ɗauke da su. A 1990 Seiji Ogawa, yana aiki a Bell Labs a Amurka, ya nuna a kan ɓeraye cewa wannan bambanci na fitowa a hoton MRI. Shi ne ake kira BOLD, wato alamar da ta dogara da yawan oksijin a jini, kuma a kansa aka gina fMRI, hoton MRI mai nuna sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki.

Ga inda abin ke juya wa ɗalibai kai. In wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jinin da ke kwararo masa ya kan zarce buƙatarsa nesa ba kusa ba. Peter Fox da Marcus Raichle sun nuna haka a 1986. Kamar gidan suna ne: an ce baƙi goma, uwargida ta aiko da tuwon mutum talatin. Ragowar tuwon na'urar ke gani, ba lomar da aka haɗiye ba. Mai son sanin ainihin oksijin da aka sha sai ya auna gudun jinin daban, sau da yawa har a shaƙa wa mutum iska mai ɗan ƙarin kabon dayoksaid don a daidaita awon.

Jinin ma ba nan take yake isowa ba. Sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake kai ƙololuwa, alhali jijiyoyi sun gama saƙonsu tun kafin ƙiftawar ido.

Sai launukan. Lissafi ne aka shafa a kan hoto, domin canjin da ake aunawa bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin 100 ba. Wurin da ya zauna toka-toka ba barci yake ba. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin ko mutum na kwance. Masu cewa kashi 10 kawai muke amfani da shi su sake tunani. Lissafin kuma in aka yi masa sakaci yana ƙarya. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka saka mataccen kifin salmon a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, ɗigo suka "haska" a kansa. In ka gwada wurare dubbai, dole wasu su dace da banza, sai an yi gyaran da ke tace su. Ka tambayi wannan gyara kafin ka yarda da kowane hoto.

Kuskuren da ya fi shafar mu 'yan Zango shi ne goro. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, da na shayi da kofi, yana tsuke hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Dattijon da ya ɓantare goro a ƙofar ɗakin hoto ya canza abin da za a auna. Ba laifinsa ba ne in ba a tambaye shi ba. Takardun tambaya kofi suka sani. A tambaya da sunan goro. Haka mai sikila ko ƙarancin jini: gudun jininsa ya bambanta tun asali, ba a gwama hotonsa da na wani kai tsaye.

A kuma daina haɗa MRI ɗin da likita ya rubuta saboda ciwon kai ko shanyewar ɓarin jiki da fMRI. Wancan siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa. Wannan an fi amfani da shi a bincike, ko kafin tiyata don a san inda magana da motsi suke.

Ranar shiga kuwa, maganaɗisun, mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, a kunne yake ko ba a ɗaukar hoto. Fil ɗin hijabi, ɗan kunne, zobe, makulli, laya, duk a bar su waje. Hajiya ta wanke kwalli, domin wasu na ɗauke da ƙarfen da ke ɓata hoton. Mai batirin zuciya ko ƙarfe a jiki ya faɗa tun wuri. Ƙarar na da yawa, za a ba ka abin toshe kunne, kuma babu hasken eksire a ciki. Ka yi tari da gyaran kwanciya tun kafin a fara, domin motsin kai na milimita ɗaya ya isa ya sa a sake awon.