Kafin ka sayi garin BCAA, duba bayan robar

'Yan uwa masu ɗaga ƙarfe, ga shawarata kan garin amino da ake ta tallatawa a wuraren motsa jiki.

Amino su ne sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin, kuma waɗanda jiki ba ya iya haɗawa da kansa guda 9 ne, dole sai daga abinci. Garin BCAA uku kawai daga cikin taran nan ke cikinsa: lusin, aisolusin da balin. Lusin ne ke tayar da aikin gina tsoka, amma ginin ba ya tafiya sai sauran shidan suna nan. Shi ya sa a ganina in har za ka kashe kuɗi, EAA (garin da ke ɗauke da duka taran) ko garin whey (furotin da ake samu daga madara) ya fi BCAA amfani.

Sai dai ka fara lissafa abincinka. Mai son ƙara tsoka yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 70 wajen giram 112. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. In kana samun ƙwai, wake, kifi, nono da awara yadda ya kamata, garin nan ƙari ne kawai.

In ka je saye, juya robar ka karanta. Ka ga an rubuta giram nawa ne na kowane sinadari, ba a dunƙule su wuri ɗaya ba. Wasu kamfanoni na cika garin da sinadaran glaisin (glycine) ko taurin (taurine), waɗanda ba sa cikin taran nan, saboda arha. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, hatimin murfi kuma kada ya kasance a ɓalle. Wanda aka zuba a leda ana aunawa da cokali, bar musu kayansu.

Mai ciwon ƙoda kuwa, ya fara ganin likita.