Yadda ake haɗa ƙaramin layin dogo ya fito kamar na gaske

Kafin ka sayi ko tarago ɗaya, tsayar da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda aka rage komai sau 87, tazarar ƙarafan dogon kuma milimita 16.5. In ɗakin ƙarami ne, ɗauki N, mai ragin sau 160. A HO tsayin mutum kusan santimita 2 ne, don haka kowane gida ko bishiya da shi za ka auna.

Sai ka zaɓi wurin da idonka ya sani. A ganina, da ka kwaikwayi ƙauyen Jamus daga hoto, gara ka gina tashar Kano ta zamanin dalar gyada, wadda dogo ya iso a 1911.

Shimfiɗa dogon a kan katako mai kauri, ka haɗa wuta, jirgin ya yi ta zagaye kafin ka manne komai. Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba kan jirgin zai riƙa santsi.

Yanzu ƙasa, kuma a nan aikin yake. Yanka farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ka yi tuddai, ka lulluɓe su da takarda da gam, in sun bushe ka shafa fenti ruwan ƙasa. Ɗebo jar ƙasa ta gaske, ka soya ta a tsohon kasko don ƙwari su mutu, ka tankaɗe da rariya. Bi ta da maganaɗisu. Za ka ga baƙin garin ƙarfe ya manne masa, wanda da ya shige injin jirgin. Barbaɗa ta a kan gam, wani wuri da kauri, wani wuri shara-shara, don daji ba ya zama bai ɗaya.

Tsakuwar dogo yashi ne mai ɗan tsari. Baje shi da burushi tsakanin katakan da ke ƙarƙashin ƙarafan dogon, ka ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun ruwa don ya ratsa. Kada gam ya taɓa mahaɗar da jirgi ke sauya layi.

Bishiyar kuka kuwa, murɗa siraran wayoyi su zama gindi, ka baza rassa, ka bar ta ba ganye kamar a rani. Taragon da ke ƙyalli yana tona asiri, sai ka goga masa garin gawayi da launin tsatsa. Daga nan ka goge saman ƙarafan dogon tas, domin ta nan wuta ke isa injin.