Darasi na Tara: Yadda Aka Gano Jirgin Endurance a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Ranar 21 ga Nuwamba, 1915, wani jirgin ruwa na katako mai suna Endurance ya nutse a Tekun Weddell, gefen nahiyar Antatika, can kudancin duniya. Tun watan Janairu ƙanƙara ta kewaye shi, ta yi ta matsarsa har katakonsa ya farfashe. Mutum 28 ne a tafiyar, Ernest Shackleton na jagorantarsu, kuma duk sun tsira. Jirgin kuwa ya fi shekara ɗari ba wanda ya sake sa shi a ido.

Masu nema sun fara ne da littafin direban jirgin, Frank Worsley. A zamaninsa babu tauraron ɗan Adam da zai nuna maka inda kake. Abu biyu yake da su: na'urar auna tsayin rana daga bakin sama, da agogo mai riƙe lokacin Ingila. Tsayin rana da tsakar rana shi ke nuna nisanka kudu ko arewa. Gabas da yamma kuwa sai an gwada lokacin inda kake da na agogon, domin duniya tana juya digiri 1 cikin minti 4. A nan matsalar take. In agogo ya yi gaba ko baya ko da daƙiƙa kaɗan ne, wurin da aka rubuta ya goce. Ga shi kuma ƙanƙarar da suka yi zango a kai ba tsaye take ba, iska da igiyar ruwa suna jan ta dare da rana.

A 2019 an je nema aka dawo hannu rabbana. Na'urar da aka tura ƙarƙashin ruwa ba ta da igiya, ƙanƙara ta rufe samanta, ta ɓace ke nan. Shi ya sa a 2022, da jirgin Afirka ta Kudu mai fasa ƙanƙara, S.A. Agulhas II, ya koma, aka ɗaure na'urorin nutso masu suna Sabertooth da siririyar waya. Ta cikinta hoto ke isowa nan take, ta cikinta ake ba na'urar umarni.

Ƙasan tekun duhu ne ƙirin, don haka da sauti ake gani. Na'urar tana aika ƙara dama da hagu, ta saurari amsa-kuwwa. Laka tana dawo da amsa mai rauni, abu mai tauri kuwa ya fito sarai da inuwarsa. Tana bin layi-layi kamar mai yin kunya a gona, kowane layi ya ɗan hau na kusa da shi don kada a bar gurbi.

Ranar 5 ga Maris, 2022, aka sami jirgin Endurance a zurfin mita 3,008, kimanin kilomita 6 kudu da inda Worsley ya rubuta. Da agogo da rana kawai, wannan ba ƙaramin gwaninta ba ne. Jirgin yana zaune cak, sunansa raɗau a bayansa da tauraro a ƙasan sunan. Katakon bai ruɓe ba, saboda ruwan na da tsananin sanyi, kuma tsutsar da ke cin katako ba ta zama a can. Ko ƙusa ba a ɗauko ba, domin Yarjejeniyar Antatika ta hana taɓa shi.

Aiki: Idan agogo ya yi kuskuren minti 8, digiri nawa aka goce? Rubuta zurfin jirgin da kalmomi.